Babi na Bakwai: Katangar Garnaɗa da Zankon Baba

Ɗiyar ƙanwata tana karatu a Sifaniya. Wata Lahadi bayan isha'i wayata ta dinga ƙara ba ƙaƙƙautawa, ina dubawa na tarar hotuna ne ta jero mini, sun kai ashirin. Ita da ƙawayenta sun tafi hutun ƙarshen mako Garnaɗa, birnin da Turawa ke ce wa Granada, sun kwana biyu ba abin da suke yi sai kallon gine-gine. Ga farfajiya da kwarmin ruwa a tsakiyarta, ga ginshiƙai sirara kamar karan dawa, ga bango an cika shi da zane har ba inda za ka ɗora yatsa. Daga ƙarshe ta bar saƙon murya: "Kawu, da ka ga layi! Kowa da tikitinsa, har lokacin shiga an rubuta masa. Kuma fa bango suka zo gani. Mu me muke da shi a gida da wani zai biya kuɗi ya kalla?"

Ban ba ta amsa a daren ba. Hoto ɗaya ne ya riƙe ni, wanda ita a wuce ta ɗauke shi: katangar waje ta fadar Alhambra. Na buɗa shi da yatsu har ya fara dushewa. Ja ce, mai kaushi, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ba sai an gaya masa ko mece ce ba. Sarakunan Banu Nasr da suka soma gina fadar a 1238, yawancin ganuwarta da ƙasa suka yi ta: a cakuɗa da tsakuwa da farar ƙasa, a zuba tsakanin alluna biyu, a kirɓa har ta kama jikinta, a ɗaga allunan sama a ci gaba. Sunan ma na Larabci ne, al-Hamra'u, wato ja. Mulkin Musulmi ya faɗi a can a 1492, amma jar ƙasar tana nan tsaye, mutum fiye da miliyan biyu ke zuwa ganinta kowace shekara.

Turawa sun mai da irin wannan yawo al'ada. Ma'aikaci ya tashi aiki ran Juma'a, ya hau jirgi mai araha, ya sauka Roma ko Faris ko Santambul. Ba shi da ɗan'uwa a garin, ba biki ba ta'aziyya. Ya yini yana ɗaga kai yana kallon coci da gada da tsohuwar kasuwa, Litinin ya koma ofis. Bahaushe kuwa in ya ɗauki hanya akwai dalili: fatauci, neman ilimi, zumunci, ko jinya. Wanda ya tsaya a ƙofar gidan mutane yana ƙare wa bango kallo, ba a jima za a leƙo a tambaye shi wa yake nema. Duk da haka ni ma na taɓa yin kwana uku ina kallon bango, kuma ban bar arewacin Zamfara ba.

Shekarun baya ne, tun hanyoyinmu suna biyuwa dare da rana. Muna da maƙwabci a Ƙauran Namoda, tsohon magini, abokin mahaifina, kowa a unguwa Baba yake ce masa. Gini gadonsa ne, uba da kaka. Ƙafa ta fara yi masa nauyi, yana so ya zaga 'yan'uwansa a Zurmi da Shinkafi tun da sauran ƙarfi, ni kuma na samu aron mota daga Juma'a zuwa Lahadi. Hunturu ne, an gama kaka, rumbuna sun cika, lokacin da magina ba su da hutu ke nan. Masu yawon buɗe ido a Turai suna da ja-gora mai ɗaga 'yar tuta a gabansu. Ni nawa sanda yake riƙe, kuma duk bangon da muka zo wucewa sai ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne, kamar mai sayen kankana.

Ni na ce mu fara da tashar jirgi, don a lokacin ita kaɗai nake ɗauka ginin tarihi a garinmu. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura a 1929, a nan ya tsaya cak. An daɗe ana maganar miƙa shi Sakkwato, har yau magana ce. Turawan mulki gyaɗa da auduga da fatu suke so su kai bakin teku a Ikko, fasinja biyo baya ya yi. Gine-ginen reluwe na wancan zamani kusan kamarsu ɗaya ko'ina ka je: dandamali a ɗage, baranda mai faɗi, rufi mai gangara da ya zarce bango sosai, sai gidajen ma'aikata a jere kamar an auna da igiya.

Baba ya zaga ya dawo, ya tsaya a inuwar barandar. "Nasara ya san rana," ya ce. "Dubi yadda yas sako rufi har yar rufe bango. Rana ba ta samun shi sai ta yi sanyi. Wagga dabara ta." Sai ya ɗaga sanda ya nuna kwanon. "Amma wanga shi yac ci sana'armu."

Gaskiyarsa. Taragon da ya tafi da buhunan gyaɗa ba fanko yake dawowa ba. Kwano ne a ciki, da siminti, da ƙusa, da katakon Kudu. Attajirin da ya samu kuɗin gyaɗa, abin farko da yake yi shi ne ya rufa kwano, a hango ƙyallinsa daga bayan gari. Tun ana kallon abin a matsayin sabon yayi har ya zama ma'aunin arziki, ya zama abin da iyayen yarinya ke tambaya. Ni ban ga laifin kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya taɓa kwana zaune a watan Agusta yana tara kwanoni ƙarƙashin soro mai ɗiga, ko ya ga ɗakin da ya rufta kan mutane da tsakar dare, ba ka da bakin yi masa huɗubar al'ada. Abin da dai na fahimta daga baya shi ne mun sayi sauƙin damina, mun biya da zafin bazara.

Ƙaura ta girmi jirgi da shekara fiye da ɗari. Sunan Muhammadu Namoda take ɗauke da shi, jarumin Fulanin Alibawa da ya riƙe wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yaƙi a wannan yanki. Yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ya kuma kwanta dama a yaƙin Kiyawa a 1810. Har yau sarkin garin Sarkin Kiyawa ake ce masa. Da aka sauko Juma'a muka shiga tsohon gari da ƙafa, don mota ba ta da wurin bi. Lungu ya miƙe kaɗan ya karye, ya sake miƙewa ya rabu biyu. Ina yaro na ɗauka rashin tsari ne. Baba ya ce in lura da inuwa: ko da tsakar rana, gefe ɗaya na lungun a rufe yake. Ya ƙara da cewa mahayin da ya shigo da sukuwa, a kwana ta biyu zai ja linzami ko yana so ko ba ya so.

A nan ya koya mini karanta zaure. Ka tsaya a titi ka leƙa, ba za ka taɓa hango cikin gida ba, domin ƙofar shiga da ta fita ba sa fuskantar juna. Sai ka shiga, ka juya, sannan ka ga hanya. A zaure baƙo namiji yake tsayawa, a nan maigida ke cin tuwo da maƙwabta, malam ya ba da karatu, maɗinki ya baje aikinsa. Daga nan sai filin ƙofar gida, inda ɗakin samari da turken doki suke. Sai shigifa ko zaure na biyu, wanda ba ya wucewa sai ga muharrami. Can ciki ne ɗakunan mata da turaka da madafa da rijiya. Kowace ƙofa tana rage yawan masu shiga, ba ƙwaɗo ba maigadi, kunya ce kawai da tsarin bango. Da na koma kan hotunan ɗiyata na ga babbar ƙofar shiga Alhambra ma a lanƙwashe take, sai ka juya sau da yawa kafin ka fita ta ɗaya gefen. Su don abokan gaba suka yi, mu don idon mai wucewa.

Asabar da sassafe muka kama hanyar Zurmi.

Zurmi tsohuwar matsayar matafiya ce tsakanin Katsina da Sakkwato, shi ya sa ta shiga littattafan Turawa tun da wuri. Hugh Clapperton ya bi ta nan a 1824 a tafiyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya bayyana cewa gari ne da gulbi ya kusan kewayewa, da ganuwar ƙasa mai tsayin ƙafa 20 zuwa 30, da busasshen gwalalo a bayanta. Abin da ya faɗa kan halin mutanen garin kuwa na bar masa a littafinsa, don ina da surukai a can. Heinrich Barth shi ma ya ratsa ta a watan Maris na 1853, ya wuce Dutsi da Badarawa ya nufi dajin Gundumi. Dutsin nan, wanda ke cikin ƙasar Zurmi, shi ne tarihin baka ke cewa mazaunin farko na sarakunan Zamfara. Daga can sarauta ta koma Birnin Zamfara, wanda Sarkin Gobir Babari ya rusa a tsakiyar ƙarni na 18, ta yi ta gudun hijira ta Kiyawa da wasu garuruwa kafin ta zauna Anka.

Na tambayi Baba ina ganuwar da Baturen ya gani. Ya yi dariya, ya nuna mini gidajen da ke gabanmu. "Ga ta nan. Ƙasar ganuwa ta riga ta ƙosa, ba ta son wahala. Kowa ya tashi gini sai ya ɗiba." Da ganuwa aikin gari ce, sarki ya yi shela bayan damina, kowace unguwa ta gyara rabonta. Da Turawa suka ci ƙasa a 1903 aka daina yaƙin gari da gari, shelar ta mutu, ganuwa ta zama ma'ajiyar ƙasa. Kano mai ƙofofi ma haka tata ke ƙarewa, balle ƙananan birane. Ya kuma nuna mini wani kududdufi a bakin unguwa, ya ce in dube shi da kyau: duk kududdufin da ka gani a tsohon gari, gidaje ne aka ciro daga cikinsa.

Gidan da muka sauka, ƙanen Baba yana tsakiyar ɗaga sabon zaure, don haka ranar nan ta ƙare mini a gindin bango.

Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Jar ƙasa ake nema mai danƙo, wadda ke da ɗan birji a jiki. A haƙo, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, wasu su ƙara da kashin doki, samari su shiga su yi ta cuɗawa da ƙafa. A bar ta ta kwana, a sake jiƙawa, a sake takawa, kwanaki ana yi har sai ta yi laushi ta daina tsagewa. Daga ita ake curo tubali da hannu, ba ƙwarya ba ma'auni, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana haye bisa bango kamar mai hawan doki, yaro daga ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya-ɗaya, yana cafewa yana dasawa, tsini sama, ya bi da curin ƙasa ya cike tsakani. A gindi bango na iya cin tubali huɗu ko biyar a jere, yana hawa yana sirancewa. Ba a gaggawa. In an ɗora 'yan sahu sai a bari su bushe, a koma wani gefe. Na tambaya da me suke gane bango ya miƙe, tunda ban ga igiya ko ma'auni ba. Ƙanen Baba ya nuna idonsa da yatsa mai taɓo, ya ci gaba da aikinsa.

Rufi shi ne inda ake sanin gwani. Azara daga giginya ake tsaga ta, namijin ya fi ƙarfi, gara ba ta cinta. Aibinta ɗaya: in tsakanin bango da bango ya wuce kamar ƙafa shida, ta fara lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa. To yaya za a yi ɗaki mai faɗi, wanda sarki zai yi fadanci a ciki? Nan magina suka fito da bakan gizo. A dasa azara a jikin bango tana ɗan kallon ciki, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙawa, a ɗaura wata, daga gefen nan da gefen can, har su gamu a sama. A lulluɓe duka da ƙasa, sai ka ga baka ta tashi sumul kamar da dutse aka sassaƙa ta. In bakuna suka gitta juna a tsakiya, ɗaurin guga ke nan. A kansu ake jera gajerun azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a daddaɓe.

Sai kuma yaƙi da ruwa, wanda ba ya ƙarewa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a shafe bango da ita ya yi duhu ya ƙi shan ruwa. Don rufi akwai laso, kuma a cikinsa za ka ga yadda sana'o'in gari ke riƙe da juna: katsi daga marina, gashin awaki daga majema, da danƙon dafara daga daji. In marina ta mutu, magini ya rasa katsi. Ruwan da ya taru a sama kuma indararo ke watsa shi nesa da gindin bango. Baba ya ce aikin farko da ake koya wa ɗan magini shi ne hawa soro kafin ruwan fari, ya share bakin indararo, ya toshe duk tsagar da ya gani, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ya fi ƙadangare naci.

A wani tsohon soro na gidan aka yi mana shimfiɗa. A waje iskar hunturu tana yanka, ciki kuwa ko bargo ban ja ba. Bango mai kauri a hankali yake shan zafin rana, sai dare ya yi yake sakinsa. Da bazara kuma, sa'ad da ɗakin kwano ya zama tanda tun hantsi, soro na nan da sanyinsa na asuba. Na kwanta rigingine ina bin bakan gizon da hasken fitila, har inda suka haɗu. A daidai wurin an lika wani tsohon faranti mai fure. Na ce, "Baba, wa ya gina wannan?" Ya ce kakansa ne. Na ce an rubuta a wani wuri? Ya yi shiru har na ɗauka barci ya kwashe shi, can ya ce, "Ɗana, ga shi kana kwance ƙarƙashinai. Wane rubutu kaka so?"

Magini ɗaya ne sunansa ya tsira sosai a ƙasar Hausa: Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bakunan da ya tayar a can har yau malaman zanen gine-gine na koyar da su, ko da yake a shekarun 1970 an kewaye abin da ya rage da sabon ginin siminti. Wanda kuwa ya fi kowa wahalar auna gine-ginenmu ya zana su a takarda, mutumin Polan ne, Zbigniew Dmochowski. Ya zo Najeriya a 1958, ya yi shekaru yana yawo da ma'auni, shi ya tsara gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka sake gina kwafin masallacin Zariya da yankin ganuwar Kano. Littafinsa mai juzu'i uku sai a 1990 ya fito, bayan rasuwarsa. Ina ganin ba banza ba ne mutumin ƙasar Polan ya damu da wannan. Babban birninsu, Warso, an mai da shi toka a 1944, kuma da tsofaffin zane-zane da awon da aka adana suka sake tayar da tsohon garin, lungu-lungu.

Lahadi ba mu yi dogon tsayi ba. Hanyar Shinkafi ta bi ta Moriki, kuma abin kallo a kanta rumbuna ne. Kowane ƙauye ka wuce suna tsaye a bayan gida kamar manyan tuluna, an ɗora su kan duwatsu don laima da gara, kowanne da hular jinka a ka. Kaurin jikinsu bai kai tafin hannu ba, amma suna riƙe abincin shekara. Baba ya ce magina ba sa ƙirga rumbu cikin manyan ayyuka. Ni kuwa in aka ce in zaɓi gini ɗaya na ƙasarmu in kai baje koli, shi zan ɗauka.

Kasuwar Shinkafi ran Alhamis take ci, tana jawo mutane har daga Nijar. Mu da muka zo Lahadi rumfuna muka tarar wayam, sai awaki. A haka ma aka fi ganin tsarinta: layin 'yan hatsi, layin 'yan yadi, kara can gefe, da hanyoyin da ƙafa ta fitar ba injiniya ba. A gidan 'yar'uwar Baba muka iske mata sun taru suna daɓen ɗakin amarya, kowace da maɗaɓinta, bugu yana tafiya da waƙa, ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi sheƙi. Daga bakin ƙofa na tsaya, aka ce nan iyakata. A ƙasar Shinkafin nan ma akwai gari sukutum mai suna Tubali, wanda ake jingina makaɗa Ibrahim Narambaɗa gare shi, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa. Waƙoƙinsa kam an ɗauka a faifai, suna nan a wayar kowa. Sorayen da ya yi su a ciki ba wanda ya tsaya ya auna.

Yau ba zan iya maimaita wannan tafiya yadda na yi ta ba. Hanyar Ƙaura zuwa Zurmi da ta Shinkafi sun zama hanyoyin da ake shiga da addu'a, a duba agogo, a jira ayari. A watan Satumba na 2021 har rufe kasuwannin mako-mako aka yi a jihar, aka katse layukan waya, duk don 'yan bindiga. Ana lissafa rayuka da shanu da kuɗin fansa, kuma su suka cancanci a fara lissafawa. Amma akwai asarar da ba ta shiga labarai. Gidan dutse in mutanensa sun gudu, yana iya jiransu shekara ɗari. Gidan ƙasa ba shi da wannan haƙuri. Damina ta farko ganye ya toshe indararo, ruwa ya kwanta a sama. Ta biyu ya sami azara. Daga nan rufi ya zauna, bango ya bi shi a hankali, ciyawa ta hau. Ba wuta ba gatari. Haka Birnin Zamfara da Alƙalawa suka ƙarasa zama kufai bayan an ci su da yaƙi, kuma haka ƙauyukan da aka watse daga cikinsu a 'yan shekarun nan suke narkewa, da zaurukansu da rumbunansu.

Inda mutane ke zaune lafiya kuwa ƙasa na tsayawa, har a zo kallonta. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, ɗaruruwan shekaru ke nan ana yaɓe ta, UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. A Yama, wani ƙauye a jihar Tawa, manomi kuma magini Falke Barmu ya soma masallacin ƙasa a 1962 tare da mutanen garinsa, ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. Tubalinsu da azararsu ba su fi na ƙanen Baba ba.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Cikin 'ya'yansa ba wanda ya hau bango. Ɗaya yana buga bulo, ɗaya yana Legas. Sun shafe zaurensa da siminti don su huta da yaɓe, simintin kuwa ba ya jituwa da ƙasa, laima ta taru a bayansa, ya kumbura yana ɓallewa falle-falle. Zanko ɗaya ya rage a kusurwar gabas, ɗan'uwansa ya faɗi bara waccan. Da safen Litinin, washegarin da hotunan ɗiyata suka iso, na fita na ɗauki hotonsa, rana tana bayansa, na tura Sifaniya ba tare da na rubuta komai ba.

Ba a yi minti biyar ba ta amsa. "Kawu, wannan ƙahon fa? Ado ne?"

Na ce mata ado ne, kuma nauyinsa na danne kusurwa, inda ruwa ya fi ci. Sannan a jikinsa Baba ke ɗaura igiya in zai hau gyaran rufi. Na ce in ta buɗa hoton sosai za ta ga inda igiyar ta ci.